Damin Ciyawa a Ƙarƙashin Motar Baba

Zuwa ga Yaya Leif,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Marisol da yara. Allah ya ƙara mata sauƙin ciwon bayan nan. Mu nan Dakota lafiya lau, Inna tana ta toya wainar dankali, 'yata Tuva kuma ta shiga aji biyu, haƙoranta na gaba duk sun zube.

To Yaya, ban ɗauki biro don zumunci kawai ba, raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi. Baba ya ce ka kira shi ka ce masa kada ya saurari surutun mata, wai mutumin da ya tsufa yana jan motar makaranta bai taɓa kaɗe ko kare ba, ba ni zan koya masa tuƙi ba. Sannu da ƙoƙari! Kana can Arizona cikin rana da gajeren wando, ka manta yadda hanyar gonaki take in iska ta taso da ƙanƙara.

Bari ka ji abin da bai faɗa maka ba. Mun gama shirin sanyi a garejin motocin makaranta, an sauya tayoyi da batura, an zuba man da ba ya daskarewa, an gwada hita mai ɗumama cikin mota. Da ƙanƙarar farko ta sauka sai aka fitar da mu direbobi fili, kamar kowace shekara. Ka san yadda ake yi, a sa wa damin ciyawa rigar sanyi ta yaro da hula, a tsayar da shi a tsakiyar hanya, kowa ya taho da gudu ya taka birki kafin ya kai gare shi. Ana yi ana dariya. Dagny shugabarmu har tsokanar Baba ta yi, ta ce tsoho ya zo ya nuna wa yara aiki. Ya ce ta matsa, tun tana goye yake wannan wasan.

Ni ce a tsaye kusa da damin. Baba ya taho, bai rage gudu ba, bai karkata ba. Ya bi ta kai, tayar baya ta murƙushe rigar, sai can gaba ya tsaya. Ya sauko yana murmushi, yana gyara safar hannu, ya dube ni ya ce, "Solveig, yau ba a ajiye damin ba ne?"

Bai gani ba, Yaya. Jar riga a kan farar ƙasa, da rana tsaka, bai gani ba. A hanyar gida ya roƙe ni in ce wa Dagny hasken rana ne ya kashe masa ido, wai ni 'yarsa ce. Na ce ba zan faɗa ba. Tun ranar ko kofi na miƙa masa sai ya kau da kai, Inna kuma tana kuka a kicin. Na haɗiye duk wannan, har ya fara saukowa ya yarda zai ajiye tuƙi ya huta, sai ga wayarka.

Yanzu ya ce ran Litinin zai je wurin likitan nan abokin kamun kifinsa, ya samo shaidar cewa idonsa garau yake, kuma na san mutumin ba ya iya ce masa a'a. Ni ma ina son Baba, na san motar nan ce rayuwarsa. Amma da asuba cikin duhu yake kwasar yaran mutane, kuma Tuva tana tsallaka titi a gaban hancin motarsa, tsayinta bai kai na damin ba.

Maganarka kaɗai yake ji. Ka kira shi kafin Litinin ka warware abin da ka ƙulla. In ba ka kira ba, ran Talata ni zan tsaya a ƙofar gareji, in ya so mu gani ko zai gan ni.

Ka gaida Marisol da Anders da ƙaramar Noemi. Inna da Kawu Torvald suna gaishe ku.

Ƙanwarka da ke jiran ƙarar waya,
Solveig