Ƴaƴan Farinmu da Takarda Ta Binne

Zuwa ga Kumandan mai riƙe da takardar ƙidayar Damargu,

Gaisuwa da ban girma, ranka ya daɗe. Ina fata kana lafiya, kai da dokinka.

Bayan haka, bara a kasuwar Tanut na ji ana cewa takardar Nasara tana kashe mutum yana tsakar cin tuwo. Na yi dariya, na ce zancen ƴan raƙuma ne. To, ga shi ta kashe mini ɗa, mai gemu, mai ƴaƴa biyar.

Na farko: da kaka malamin ƙidayarka ya zo, ya tara mu a dandali, gaban surukai, ya ce kowa ya faɗi sunan ɗansa na fari. Ranka ya daɗe, a nan uba ba ya kama sunan ɗan fari, kunya ce. Shekara arba'in ina kiran nawa "kai" ko "wancan", bai taɓa ɓata ba. Na sunkuyar da kai, tsofaffi duk suka sunkuyar, mata suka ja mayafi. Tafintan da ya zo da shi baƙo ne, ya ɗauka makoki muke, ya ce a rubuta sun rasu. Har ta'aziyya ya yi mana, muka amsa, don ba a mayar da gaisuwa.

Na biyu: takarda ta iso gare ka, ka ga ƙauye guda babu ɗan fari ko ɗaya, ka ce annoba ce. Ka sa gardi, dogarin nan naka, ya tare hanya. Sati uku ke nan ba mai fita, rijiya kuwa tana bayan gardi. Awaki sun fara lasar randa. Mamatan ne ke satar hanya su ɗebo mana ruwa.

Na uku: ban ƙi ƙidaya ba. Ita ta sa aka haƙa wa maƙwabtanmu rijiya, mu ma muna so. Amma abin da ake faɗi a zaure ba a shelarsa a dandali.

Roƙona, a sake aiko malamin. Kada ya tambayi iyaye. Ya shiga wurin kakanni mata, ɗaya-ɗaya. Su ba sa jin kunyar jika, za su ba shi suna har da na tsokana da yawan abin da yake ci. Ya rubuta sunan, ya bar musu sauran. A kuma janye gardi kafin awaki su bi ƴaƴanmu cikin takarda.

Yanzu kuma an ce likita na tafe ya duba kaburbura. Wanda ya kawo mini labarin ɗazu, da tulu a kafaɗa, shi ne mai kabarin farko. Sunansa kuwa, a tambayi tsohuwata Iya Gambo, ƙofa ta biyu bayan turken jaki.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka tafinta ɗan gari.

Wassalam.
Malam Ɗanjuma, uban wancan.