Me Suke Ci a Makabe?

Alhamis, 10 ga Janairu, 1946. Kalihi, Honolulu.

Yau ranar muci, wainar shinkafa ta mutanenmu. Da na gama awarar sayarwa sai na kwaɓa garin shinkafa da mazarƙwaila, na naɗe a ganye na turara. Gida ya ɗauki ƙamshi kamar madafar Anma, surukata, can Makabe, garinmu a Okinawa. Na ɗaura goma sha huɗu a igiya na rataye bakin taga, ɗaya ga kowace shekara ta 'yata Harue, yadda ake yi wa yara. Tana 'yar shekara biyar muka kai ta Okinawa wurin kakarta Anma, a kan mu tara abin komawa mu bi ta. Sai yaƙi. An ce ya ƙare tun bara, amma har yau ba mu ji komai ba.

Mijina Seitoku ya dawo daga garken aladunsa, ya tsaya yana kallon igiyar.

"Wa zai ci wannan?"

"Mai shi."

"Makato..." Sunana kawai ya kira. Ya fita wanke ƙafa.

Litinin, 14 ga Janairu

Sun fara ƙanƙamewa. Ban sauke ba.

Lahadi, 3 ga Maris

Mutanenmu na tara tufafin da za a aika gida. Na zauna ɗinka wa Harue riga, almakashi a hannu, na rasa inda zan yanka. Ban san tsawonta ba. Yaya Uto, maƙwabciyarmu, ta leƙo ta same ni a haka.

"Ke kuma lafiya, kin tsare ƙyalle da ido kamar zai yi magana? Yanka da girma. In ta gado ƙafafun ubanta ai zanen gado ma ba zai ishe ta ba."

Na yi dariya har na ji kunya. Ta ce ɗanta Masa'ici, wanda ke yi wa sojoji tafinta a can, yana hanya.

Asabar, 20 ga Afrilu

Masa'ici ya dawo. Ban jira an kira ni ba, na ɗauki awara mai zafi, wadda ban matse ba tukuna, na kai masa da romonta. Tun yana ƙarami ita yake so. Ya rame, kuma ba ya kallon mutum a ido.

Na ce, "Ka je kudu? Ka ga Makabe?"

"Na bi ta wurin, Inna."

"Gidanmu na bayan rijiya, mai itacen lemo a ƙofa."

"Inna, babu itace. Babu gida. Ban gane inda garin ya fara ba."

Uwarsa ta daka masa tsawa wai ya ci abinci ya daina surutu. Ni kuwa abin da ya fito daga bakina shi ne, "To me suke ci?"

Ya ce ganyen dankali. Dodon koɗi. Naman gwangwani idan sojoji sun raba. Ya ce ya ga mata suna suya da man inji, yara su ci su kwana suna gudawa, gari ya waye su sake miƙa hannu. Ya ɗebi awarar cokali ɗaya, ya riƙe, ya mayar.

"Ki yi haƙuri, Inna. Da daɗi. Ba zan iya ba ne."

Lahadi, 21 ga Afrilu

Na soya garahuni da ƙwai. Mai mai kyau, har yana sheƙi a kasko. Muka zauna ni da Seitoku muna kallon kwano. Aladu suka ci.

Laraba, 15 ga Mayu

Wata mata 'yar babban tsibirin Japan ta zo sayen awara tana toshe hanci, wai tamu tauri gare ta kamar sabulu, kuma unguwarmu warin alade. Da can sai na rama. Yau na naɗe mata na ba ta.

Anma ce ta koya mini ɗaure awara da ruwan teku. Takan ce a ɗebo idan ruwa ya cika, daga bayan duwatsu. Nan ma haka nake yi. Teku ɗaya ne, in ji masu karatu. Ɗazu ina ɗiba na tsaya da bokiti ina tunanin abin da ruwan nan ya wanke kafin ya iso nan.

Alhamis, 6 ga Yuni

Yaya Uto ta ce gishirina ya yi yawa kwana biyu. "Ko so kike ki busar da mu kamar kifi?" Na ɗanɗana, ban ji komai ba. Harshena ya mutu.

Lahadi, 7 ga Yuli

Masa'ici ya kawo wani abokin aikinsa, Kamesuke, da ya dawo makon jiya. Ya zauna a sansanin da aka tara mutanen kudu, ya haɗu da matar mai niƙan rake ta garinmu. Ya cire hula ya fuskanci Seitoku.

"Baba, mahaifiyarka ta rasu. A cikin kogo, bara da damina. Matar ta gan ta da idonta."

Seitoku ya sunkuyar da kai. Ni na tambaya.

"Yarinyar fa?"

"An ce ta fita ɗebo wa tsohuwar ruwa."

"Sai me?"

"Iyakar abin da matar ta sani ke nan, Inna."

Na ba shi shayi da mazarƙwaila. Ban san abin da ya sa na riƙa tura masa faranti ba, ci, ƙara, ci.

Talata, 9 ga Yuli

Ta fita ɗebo ruwa. Mutum na fita ɗebo ruwa ya ɓace hanya. Wasu su tsince shi. Akwai gidajen marayu, Kamesuke da kansa ya faɗa. Yarinyar da ba ta cika magana ba, wa zai san sunanta?

Asabar, 3 ga Agusta

Bon ya matso, kwana ukun da matattu ke zuwa gida cin abinci. Ba mu taɓa yi a nan ba, don allon sunayen kakanni yana Makabe, Anma ce ke ciyar da su. Yanzu allon ya ƙone, ita ma ta bi su. Seitoku ya kafa katako a bango, ya sa kaskon turare, ya ce aƙalla uwarsa ta sami inda za ta sauka.

Yana fere tsinken cin abinci ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na mutum nawa zan yi?"

"Ɗaya."

"Makato, shekara ta wuce. In tana lahira babu mai ba ta ko ruwa..."

"Ka binne uwarka, kada ka binne mini 'ya da ranta!"

Ban taɓa ɗaga masa murya haka ba. Ya fere na mutum ɗaya. Ya yanke yatsa, ban tashi na ɗaure masa ba.

Juma'a, 9 ga Agusta

Mun tari Anma da yamma a bakin ƙofa. Shinkafa dafa-duka da naman alade da ciyawar teku, yadda take so, da laushi saboda haƙoranta. Seitoku ya jingina mata karan rake, sandar komawa. Ya durƙusa ya ce, "Anma, ki yi haƙuri da ɗakin, ƙarami ne."

Na so in tambaye ta. Ita ai ta sani. Na ji tsoro.

Litinin, 12 ga Agusta

Jiya sallama. Na yi girkin da ya kamata: nama mai kitse, ciyawar teku ƙulli-ƙulli, soyayyar awara, kifi. Da na gama, man na nan da zafi, sai na fasa ƙwai na kwaɓa fulawa da sukari na jefa fanke. Don kada man ya tafi a banza. Na zaɓi waɗanda suka tsage da kyau na sa a ƙaramin faranti a gefen katakon.

Yaya Uto ta shigo kunna turare, ta gani. "Yaushe tsohuwar ta fara cin zaƙi? Ni dai na san ta..." Sai ta kama bakinta. Ta daɗe a durƙushe, ita da ba ta iya zama wuri ɗaya.

Seitoku ya matsar da farantin kusa da turaren.

Da rana ta faɗi muka raka zuwa ƙofa. Shi ya kamata ya yi magana, ya kasa, sai ni. Na ce, "Ku sauka lafiya. Ku riƙe hannun juna a hanya. Ku dawo baɗi."

Anma surukata ce, ai dole in ce mata ku.

Yau na ɗaure masa yatsan. Ya fara ruwa.