Sunaye bakwai a hannun Asabe

Daren Lahadi, Kalgo

Ranar Alhamis a ofis Darakta ya karanta mana doka: kada kowa ya sa takardar sirri a na'urar karatunsa ta gida. Na yi murmushi, don shi fayilolinsa a mota suke kwana. Ni kuwa tuni rahoton rikicin manoma da makiyaya yana cikin tawa, da sunayen mutum bakwai na Masama da suka ba da shaida a ɓoye.

Jiya a Gwandu na ara wa Inna na'urar, tana son Alƙur'anin ciki saboda manyan baƙaƙe. Ina madafa shafin ya ɓace mata, sai ta kira maƙwabciyarta Asabe ta nemo. A kan mijin Asabe aka ba da shaidar. Da na fito, na tarar da na'urar a hannun Asabe.

"Ke ɗiyan nan, mi ya faru kika ƙame?" in ji Inna. "Ai Asabe ta fi ki iya abin nan."

Asabe ta miƙo min, ta yi min sannu da aiki har sau biyu. Ban san me ta gani ba.

Na goge rahoton, amma gogewar ba ta kai Masama ba. Gobe da sassafe zan gaya wa Darakta da bakina, a gargaɗi mutanen nan. Murmushin kuma na bar masa.