Tsohon Talabijin ɗin Papa

Yaya Radhamés,

Gaisuwa mai yawa daga Moca, da fatan kai da Yuderka da yara kuna lafiya, sanyin Madrid kuma da sauƙi. Mama lafiya lau, sai ƙafar nan tata.

Tunda kiran bidiyo ya ƙi, bari in rubuta maka abin da na gwada, kada ka ce zaune nake. Na canza wayar da ke shiga na'urar intanet. Na ɗauke na'urar daga falo na kai kicin, na sake dawo da ita. Ma'aikacin kamfani ya zo, ya sha kofi, ya ce layinmu ƙalau yake. Kuma da gaskiyarsa, duk mako ba ya yankewa sai ranar Lahadi in ka kira. Wataƙila ni ce nake taɓa wani abu ba daidai ba, ka san ni da na'ura. Ina nan ina dubawa.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Nereida

*

Nere,

Ina gaisuwa. Na karanta bayaninki, sannu injiniya. Wato intanet ɗinku ya san Lahadi, ya kuma san muryata. Da na ce, "Mama, sa mini albarka," sai fuskarta ta daskare. Tun rasuwar Papa ban ji amsarta ba ko sau ɗaya. Kuma wayar a hannunki take.

Na san kina riƙe da ni don ke kika yi jinya, ni ko jana'iza ban zo ba. Ki faɗa mini a fili, amma kada ki raba ni da uwata. In ya sake yankewa ranar Lahadi zan ɗauki hutu in zo da kaina, kuma ba za ki ji daɗin zuwan ba.

Radhamés

*

Inna Casilda,

Ki sa mini albarka. Ina fatan hawan jinin ya lafa. Ke kaɗai zan iya gaya wa wannan, don kin fi kowa sanin halin yayarki.

Na gano abin da ke kashe mana intanet. Duk lokacin da wayar Radhamés ta shigo, Mama kan ce bari ta ɗauko tabarau a ɗaki, tana dawowa ta zauna sai hoton ya daskare. Jiya na lura tabaran yana rataye a wuyanta. Na ajiye wayar na leƙa ɗakin. Tsohon talabijin ɗin Papa, wanda na zaci tun ranar addu'ar kwana tara yake lulluɓe, a kunne yake ba murya, ɗan akwatin nan da ya haɗa don ƙara ƙarfin eriya yana nuna jan haske. Na zare shi daga soket, intanet ya dawo. Na mayar, ya ɗauke. Na yi ta maimaitawa, don ban yarda da idona ba.

Sai ga Mama a bakin ƙofa ta ce in bar shi yadda na same shi. Wai ta daɗe da sani. Wata rana kewar Papa ta sa ta kunna, ta jiyo ni a falo ina mita intanet ya tafi, ta kashe, ta ji na yi shiru.

Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Ubansa ta waya ya binne shi, kina tsaye bakin kabari kina riƙe masa ita. Albarkar ma ta waya zai karɓa? In yana so ya kawo kansa in ɗora masa hannu."

Na ce mata ni yake zargi, har ya ce na raba shi da ita. Ta ce ai ni mai haƙuri ce, zan iya ɗauka. Sannan ta tambaya ko waken ya nuna.

Inna, hannuna har yau yana tuna nauyin wayar nan a maƙabarta. Ni ke yi mata wanka, ni ke shafa mata magani, ban taɓa jin ta ƙulla wata dabara saboda ni ba. In na faɗa masa gaskiya zai wanke ni, amma na san shi, zai yi fushi ya fasa zuwa. Ban san ko daidai nake tunani ba.

Ki gaida Kawu Polibio.
'Yarki, Nereida

*

Yaya,

Barka da aiki. Ka dai ga ya sake yankewa. Na duba ko'ina ban gano komai ba, ka ɗauka yadda ka ɗauka. Na share ɗakinka, na shanya katifa. Ka faɗa mini ranar da jirginku zai sauka Santiago.

Nereida