An Dakatar da Ɗana Saboda Kalmar Canji

Zuwa ga Babban Manajan gidan rediyonmu na gwamnati,

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk ma'aikatanka. Sunana Bawa Danladi, tsohon Staf Saje, na ajiye kaki na dawo gida Zuru ina noman dawa. Ni ne mahaifin Ishaya Bawa, mai sharhin wasanni a gidanku, wanda kuka dakatar daga aiki a watan jiya. Na hau mota na zo har ofishinka, aka ce kana taro, na zauna a benci har aka tashi ban gan ka ba. Shi ya sa na rubuto a fili, inda kowa zai gani.

Bari in fara da abin da ya hana ni barci, don ka san ba neman suna ya sa ni magana ba. 'Ya'ya maza uku Allah ya ba ni. Biyu sun bi sawuna sun shiga soja, kamar yadda aka saba a gidajen ƙasar Zuru. Babban ya tafi aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje, bai dawo ba. Na biyun yana can inda aka tura shi. Ishaya ne auta, kuma shi na roƙa da bakina ya bar mana bindiga. Aikin rediyon nan ne ya riƙe mana shi. Yanzu ya ce in ba a mayar da shi ba, da zarar an fara ɗaukar kurata zai tafi.

Na farko, ga abin da ya faru, domin ina filin. Ƙungiyar Zuru na wasa da ta Mahuta, gidanku na watsawa kai tsaye, Ishaya na riƙe da makirfo. An ci mu, an dawo daga hutun rabin lokaci, 'yan bayanmu biyu sun gaji tilis, ɗaya ma ɗingishi yake, koci kuwa ya naɗe hannu kamar ba shi aka ba aikin ba. Sai Ishaya ya ce mutanen nan sun daɗe a fili ba su tsinana komai ba, lokacin canji ya yi, a yi canji kafin a ƙara mana. 'Yan kallo masu rediyo a kunne suka ji, suka ɗauka, fili ya kaure da kiran canji, har koci ya ji kunya ya cire mai ɗingishin. Da bakina na taya su. Ko kusa zaɓe bai zo min a rai ba, hankalina yana kan ragarmu.

Asabar ta zagayo, na kunna rediyo in ji ɗana, sai na ji kiɗa. Mu da muka yi soja ba ma son jin kiɗa a wurin da aka saba jin magana, don haka juyin mulki ke farawa. Da yamma ya iso gida a kan kabu-kabu, ya shaida mana wai an ce ya yi amfani da makirfon gwamnati ya yi wa 'yan adawa kamfe, tunda canji ne taken da suke yawo da shi a zaɓen bana. Wallahi na ɗauka tsokanata yake, har na yi dariya. Sai da na ga idonsa na san da gaske ne, na nemi wuri na zauna.

Na biyu, maganar kalmar kanta. Ranka ya daɗe, ni yarenmu na C'lela na sha a nono, Hausa a bariki na ƙarasa koyonta, saboda haka na zargi kaina tukuna. Na ce wataƙila akwai wata kalmar da ya kamata yaron ya faɗa, mu mutanen dutse ba mu sani ba. Na je wurin maƙwabcina Malam Umaru, Bakabe, wanda ya koyar da Hausa a makaranta har ya yi furfura. Ya ce akwai sauyi, akwai musanya, amma a filin ƙwallo tun da ya buɗe ido canji ake cewa, kuma duk wanda ya yi ihun musanya a bakin fili sai an waiwayo an dube shi. To in kalmar ta zama ta 'yan adawa, sai ku sanar da mu. Akwai Mama Ngozi mai shago a bakin tasha, kullum safiya sai ta ce wa mutane babu canji. Tun da abin nan ya faru samari ke tsokanarta cewa ita ce babbar 'yar jam'iyya mai mulki a garin nan. Muna dariya, amma dariyar ba ta kai ciki.

Na uku, an ƙara masa da wani laifin, wai an ji shi yana zagin gwamnati a bainar jama'a. Wannan ba zan ɓoye ba, ya yi magana, kuma ina tsaye kusa da shi. Abokinsa ne tun suna yara ya faɗa rami da babur a hanyar Mahuta ya rasu. A wurin jana'iza aka ce Ishaya ya yi jawabi, ya ce ramin nan ya daɗe yana cin mutane, waɗanda aka zaɓa su gyara suna wucewa ta kansa a manyan motoci. Babu makirfo a hannunsa, bai ambaci gidanku ba, bai kira sunan jam'iyya ba, kuka yake. Shin wanda kuka ɗauka ya faɗi wa ya ci ƙwallo, kun sayi bakinsa ne har a bakin kabarin abokinsa? Na yi aiki inda ake hana mutum magana, kuma na yarda da haka, domin an ba ni bindiga. Ɗana makirfo kuka ba shi, kuma a ofis yake barin shi in ya tashi.

Na huɗu, kuma nan ne mamakina ya fi yawa. An ce an yi haka ne don gidan rediyon gwamnati bai kamata ya karkata ba. Madalla, haka nake so. Amma ranar da jam'iyya mai mulki ta yi gangami a garin nan, wa ya yi sanƙira a kan dandamali? Mai karanta muku labaran yamma ne, da hula mai hoton ɗan takara a kansa, duk Zuru ta gan shi. A daren ya koma ya karanta labarin gangamin, har yau yana karantawa. Waƙoƙin yabon 'yan takarar gwamnati kuwa tun safe kuke saka su, jikata har ta haddace. Ba na neman a kori bawan Allahn nan, shi ma yana da iyali. Ina dai tambaya ne, wane mudu aka auna shi da shi, wane aka auna ɗana?

Kada kuma a ce ɗan adawa ne ke rubutu. Jam'iyyar da ke mulki na zaɓa tun da soja suka koma bariki, kowa a unguwarmu ya sani. Amma rediyon nan da harajin kowa ake riƙe shi, da wanda ya zaɓe su da wanda bai zaɓe su ba. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma ina kyautata zaton wani mai neman gindin zama ne ya kai maka maganar a karkace. Ka saurari wanda kuka sa a madadin Ishaya. A wasan makon jiya an cire ɗan wasa an sa wani, yaron ya yi ta in'ina, ƙarshe ya ce wani ya fita wani ya shigo. Tsoro ya kama shi, kuma duk mai rediyo ya ji.

Roƙona ga shi. Ka sa a kawo maka kaset ɗin wasan ka saurara da kunnenka, daga farko har ƙarshe. Ka kira Ishaya ka ji ta bakinsa, domin har yau ba wanda ya tambaye shi komai. In akwai dokar da ta hana ma'aikacinku magana a kan siyasa, a fito da ita kowa ya sani, ta hau kan mai labarai kamar yadda ta hau kan mai wasanni. Sannan a mayar da shi bakin aikinsa, kuma ina roƙo kada a ja lokaci. Ya fara tashi da asuba yana gudu zuwa gindin dutse, kuma na san gudun, na yi irinsa kafin a ɗauke ni. Uwarsa tana jin fitarsa sai ta tashi zaune.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin gaskiya a kujerar da kake kai, ya raya maka zuriya. Allah kuma kada ya nuna maka ranar da motar soja za ta tsaya a ƙofar gidanka, mutum biyu cikin kaki su cire hula su tambayi maigida. Ni na gani sau ɗaya, kuma bayan ikon Allah, a hannunka yake kada in sake gani.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Staf Saje Bawa Danladi (mai ritaya),
Zuru, Jihar Kebbi.