Amsar Bara

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya ƙafar taka? Bayan haka, 'yarka Auta ta kunyata ni. Tambaya na ba ajina na kimiyya a jarrabawa: ƙwayar muon tana gudu kashi huɗu cikin biyar na gudun haske, nawa ne makamashinta? Kowa ya ninka makamashin zamanta wuri guda da biyar ya raba da uku, saboda gudun. Auta kaɗai ta rubuto min makamashin ƙwayar da ke zaune wuri guda, sai ka ce an ɗaure ta a turke. Na ba ta sifili, na karanta amsarta a gaban aji, kada a ce goggonta na ɗaure mata gindi. Aka yi dariya, ta fice. Ka ce ta dawo, ko in soke sunanta.

Ka huta lafiya,
Ƙanwarka

Ƙanwata,

Muna lafiya, ƙafa da sauƙi. Ni tela ne, ban san muon ba, ko ci ake yi ko sha. Auta ta kulle kanta a ɗaki, ta ce ta bar karatun. Abu ɗaya ta ce in tambaye ki: a tambayar taki, wa ke awon? Na tsaye a ɗakin gwaji, ko mai tafiya tare da ƙwayar?

Allah ya huci zuciyarki,
Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa, da kyar. Na buɗe takardar. Ni da hannuna na canza layin ƙarshe bana, don in kama masu haddace amsar bara: na sa mai awon yana gudu kafaɗa da kafaɗa da ƙwayar. A wurinsa ba ta motsi, kamar fasinjan da ke gefenka a mota. Makamashin zamanta kawai zai samu. Sannan na ɗauko amsar bara na yi maki da ita. Masu hadda suka cinye, wadda ta karanta tambayar kuwa aka yi mata dariya.

Kullum ina yi wa yara ihu: ku fara tambaya, wa ke kallo? Tun jiya ko allo na kasa ɗaga ido in duba. Na gyara makin. Ka roƙar min ita.

Ƙanwarka, marar bakin magana

Goggo,

Ina gaishe ki da ladabi. Na ga makin, na gode. Amma a ofis kika gyara, ke kaɗai. Daga inda 'yan aji suke zaune, har yanzu ni ce daƙiƙiya.

Zan zo Litinin, in zauna a layin gaba. Ki taho da takardar.

'Yarki,
Auta