Ƙuri'ar Magatakarda

Wendelau, 3 ga Maris

Malama Pohlenz,

Gaisuwa mai yawa da fatan kin tashi lafiya, da fatan kuma sun gyara miki tagar nan da kika ce ba ta rufuwa. Tsohon ɗalibinki ne, Ekkehard Rautenberg.

Kwalejinmu ta horar da malamai za ta cika shekara ɗari a bana, an kuwa ɗora mini rubuta tarihinta a shafi arba'in, saboda ni ne magatakardan majalisa, kuma an lura ba na musu. Ga abin da na tattara. An buɗe ta da ɗalibai talatin, maza zalla, da fiyano guda. Sau huɗu ana sauya mata suna, kowace gwamnati da nata, har yanzu ramukan ƙusoshin allunan sunan suna jikin ƙofa. Yau muna da tsangaya uku da kwamiti goma sha tara, ciki har da wanda aka kafa don rage yawan kwamitoci.

Abin da ya rage shi ne sashenki, koyar da aikin lambu ga malaman firamare. Yaushe aka fara? Takardun sun jiƙe a ambaliyar ɗakin ƙasa.

Af, gara ki ji daga bakina. Majalisa ta yanke shawarar rufe sashen daga zangon kaka. Za a gina ɗakin na'urori a filin lambun. Shida suka yarda, biyar suka ƙi.

Na bar ki lafiya.
E. Rautenberg

Gidan tsofaffi na Lindenhof, 8 ga Maris

Rautenberg,

Na amsa gaisuwarka. Taga tana nan yadda ka san ta.

An fara lambun a 1947, ba don ilimi ba, don yunwa. Ɗalibai suna sumewa a aji, sai shugaban lokacin ya sa aka haƙe filin wasa aka shuka dankali. Da aka ƙoshi ne aka ba abin suna, aka yi masa jarrabawa. Ni na riƙe shi shekara talatin da ɗaya. Malamin da bai taɓa jiran iri ya tsiro ba, ba zai iya jiran yaro ya gane haruffa ba. Ka rubuta wannan in shafinka arba'in zai ɗauka.

Yanzu maganar ƙidaya. Ka manta ana aiko wa masu ritaya bayanan taro? Na karanta, da rubutunka. 'Yan majalisa goma sha biyu ne, duk sun halarta. Shida da biyar, sha ɗaya. Ɗaya bai zaɓi ko'ina ba. Idanuna sun mutu amma ba su kai nan ba. Wane ne?

Ka duba sashe na goma sha huɗu na dokar majalisa. Duk ɗan majalisa yana iya neman a sake ƙuri'a cikin mako huɗu, a rubuce, da sa hannu. In aka yi kunnen doki, shawarar ta faɗi.

Ka gaida kabarin matarka Gudrun in ka je.
Irmtraud Pohlenz

Wendelau, 17 ga Maris

Malama,

Ina gaisuwa, da neman afuwar jinkiri. Na fara wasiƙar nan sau uku.

Ni ne.

Kin san al'adar gidan nan. Magatakarda yana da ƙuri'a, amma ba ya ɗaga hannu, wai don kada a ce ya karkata alƙalami. Ba a rubuce take ko'ina ba, na duba. Wanda na gada bai ɗaga ba, ni ma shekara goma sha tara ban ɗaga ba. Ranar, shugaba Farfesa Oelschlägel ya ce, "Masu goyon baya?" Na ƙirga na rubuta. "Masu adawa?" Na ƙirga na rubuta. Malama Brüggemann ta sashen kiɗa ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ekkehard, hannunka ya shanye ne?"

Na ce, "Ina rubutu."

"Lambun Pohlenz ne fa, kai bawan Allah!"

Oelschlägel ya ce, "Ki bar shi, Hannelore. Rautenberg kujera ce mai iya rubutu, kada ki lalata mana ita." Aka yi dariya. Na rubuta, "An wuce zuwa batu na bakwai." Batu na bakwai kuwa kalar tawul ɗin takarda ne na bikin shekara ɗari. An yi minti arba'in a kai, lambu ya ci minti shida.

Ba zan yi miki ƙarya ba. Ban ji komai a raina ba, ranar ko yanzu. A lambun nan na fara ganin Gudrun, kin haɗa mu a kunya ɗaya kika ce mu yi albasa, ko ɗaya ba ta fito ba. Na san wannan kamar yadda na san shekarar da aka yi yaƙin manoma a littafin tarihi. Tun da aka binne ta bara nake cin burodi da cuku a tsaye, ina karanta littattafan da na riga na karanta, ina koyar da tarihin ilimi ga yaran da ke kallon wayoyinsu. Ba na shan wahala. Da ina sha, da na gaya miki.

Na rubuta takardar neman sake ƙuri'ar. Tana kan tebur, ƙarƙashin kofi. Sai an buga mata hatimi a ofis kafin sha biyun ranar Juma'a, 28 ga wata. In na kai, Oelschlägel zai karɓe littafin tarihin ya ba wani, wanda ba zai dame ni ba, kuma zan zama mutum mai ra'ayi, wanda ban san yadda ake yi ba.

Naki da ladabi,
E. R.

Lindenhof, 21 ga Maris

Rautenberg,

Lafiya lau nake, ban da gwiwa.

Ban tambaye ka abin da kake ji ba. Da nake sa ku ban ruwa ƙarfe shida na safe a watan Mayu, na taɓa tambayar wani ko yana so? Da nawa mijin ya mutu na yi shekara biyu ban san ɗanɗanon gishiri ba. Na ci gaba da cire ciyawa.

Akwai ɗalibai tara da suka yi rajistar sashen. Ɗaya ta rubuto mini, wata Yvonne, tana tambaya ko ta nemi wata kwalejin. Ban ba ta amsa ba, ina jiranka.

Ofis yana hawa na biyu, ƙofa ta uku. Ka goge shatin gindin kofin daga takardar kafin ka kai.

I. P.

Wendelau, 10 ga Afrilu

Malama,

Gaisuwa. Na kai takardar saura minti ashirin, an buga hatimi. Jiya aka sake ƙuri'a.

Da aka ce masu adawa, na ɗaga hannu da alƙalamin a ciki. Oelschlägel ya ce, "Tambaya gare ka, Rautenberg?" Na ce a'a, ƙuri'a ce. Ya ƙirga sau biyu. Shida da shida. Ya ce zai dawo da batun baɗi, na rubuta hakan ma.

Na jira in ji wani abu. Kafaɗata ce kawai ke ciwo.

Ki ce wa Yvonne ta zauna.

Naki,
Ekkehard